Kwalbar da Baffa Ya Ƙi Sha a Gabana

Ba ni ya kamata in raka Baffa Indiya ba. Kowa a Mbamoi, unguwar su Baffa a cikin Yola, ya san haka, ni ma na sani. Aikin babban ɗansa ne. To shi babban ɗan, tun shekarar da mutanen Mubi suka kwararo Yola da ƙafa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A Mubin yake aiki. An ce an gan shi a hanya, an ce an gan shi a Kamaru, daga nan maganar ta mutu. Ƙanensa kuwa ko Jimeta ya shigo sai ya yi ta waige-waige, balle wata ƙasa. Sauran 'ya'yan duk mata ne. Da aka duba cikin dangi aka rasa mai fasfo da ɗan Turancin tambayar hanya, sai ido ya faɗo kaina, ni Habibu mai yadi na Dubeli a Jimeta, mijin 'yarsa Dija. Haka aka haɗa suruki da suruki aka sa a jirgi.

Abu ɗaya Dija ta ce min, kuma shi na riƙa ji har cikin barci: in dawo mata da ubanta da ransa. Ta ce an riga an rasa guda ba a ga kabarinsa ba, Innarta ba za ta iya ɗaukar na biyu ba. Likitocin gida sun riga sun gaya mana ciwon daji ne a cikinsa, daidai inda abinci ke sauka, kuma sai an yanke.

A Delhi wani ɗan ƙasarmu ne ya tarbe mu, irin masu jiran marasa lafiya a filin jirgi. Ba zan kama sunansa ba. Bakinsa zaƙi, Alhaji nan, Alhaji can. Ya ce ya kama mana ɗaki da ƙofarsa ke kallon asibiti. Da muka je, sai ga shi tsakaninmu da asibitin sai an shiga Keke, ɗakin kuma a saman bene yake, ba na'urar hawa. Baffa ya hau matakalar nan yana hutawa, yana dafa bango, bai yarda na riƙe masa hannu ba. Tun daga Abuja ban ji ya yi doguwar magana ba sai a hanyar nan, da ya ga shanu tsaye a tsakiyar titi suna tauna leda, motoci na kauce musu. Ya bi su da kallo har muka wuce, sannan ya tambaye ni, a hankali, ina mai su. Na ce ban sani ba. Ya girgiza kai, ransa ya ɓaci kamar nasa ne.

Na zaci da mun isa za a shiga da shi ɗakin aiki. Babban likitan ya duba hotunan da muka zo da su, ya sa aka ɗora shi a sikeli, ya ɗaga hannun rigarsa ya murza fatar damtsensa. Sannan ya ce min ba zai taɓa shi da wuƙa a haka ba. Jikin ba shi da abin da zai haɗe ciwo da shi. Idan aka yanka mutum a wannan rama, ɗinkin na iya buɗewa, zazzaɓi ya shiga, a yi nasarar cire cutar a rasa mai cutar. Sai an fara gina shi tukuna.

Ya tura mu wurin wata 'yar ƙaramar mata mai tabarau, wadda aikinta ke nan, abincin marasa lafiya. Ita ta fito da kwalaben. 'Yan ƙanana ne, abin da ke ciki fari-fari kamar kunun gyaɗa mai kauri. Ta ce abinci ne mai gina jiki aka dama, aka zuba masa wani mai da ake samu a jikin kifin teku, omega suke ce masa. Ta nanata min cewa ba maganin daji ba ne, kada in yaudari kaina. Aikinsa ya taimaki jiki ya jure aikin, ya rage kumburi, ya ba ciwo ƙarfin haɗewa. A riƙa sha kaɗan-kaɗan tsakanin abinci, safe, rana da yamma. Da ta gama sai ta nuna ni da biro, ta ce kai, ka tabbatar da idonka ya sha. Tsofaffi sukan ce sun sha alhali ba su sha ba. Idan ramar ta ci gaba, sai dai a zura masa robar abinci ta hanci, ko a ɗaga aikin, ita kuma cutar ba ta jiran kowa.

Ni mutum ne mai tsoro, ban taɓa ɓoyewa ba. Idan mai farar riga ya ba ni umarni, ko da wasa ba na kaucewa. Muna komawa ɗaki na ja kujera na ajiye ta daidai gaban gadon Baffa, na buɗe kwalba na miƙa masa, na zauna na zuba masa ido.

Ba wai ban san fulako, kunyar nan ta Fulani, ba. A Jimeta aka haife ni, kakana ne ya zo daga Katsina da sana'ar ɗinki. Tun da na auri Dija ban taɓa ganin bakin Baffa yana motsi a kan abinci ba. Idan na je gaisuwa Mbamoi, nawa kwanon wani ɗaki ake kai min, shi kuma ban san ma lokacin da yake cin nasa ba. Amma na ɗauka wannan harka ce ta gida da lafiya, mun baro ta a Yola. Ko a jirgi da ya ƙi karɓar tiren abinci, na ce ciwo ne ya hana shi.

Ya karɓi kwalbar ya ce, "Useko, Malam," wato ya gode. Haka yake kirana, Malam, bai taɓa kama sunana ba. Ya riƙe ta a hannu, ya jujjuya, ya ajiye a gefen gado ya ce anjima. Anjima ta yi, ya ce ya ƙoshi. Mutumin da rabonsa da abincin kirki tun kafin mu taso, wai ya ƙoshi. Idan na matsa sai ya kai bakin kwalbar leɓensa, ya ɗan jiƙa, ya sauke. Na roƙa, na yi wa'azi, na kawo masa zancen jikokinsa. Ya saurare ni da ladabi kamar ni ne babba, ya ce gaskiya ne, Malam, gaskiya ne. Kwalba na nan yadda take.

Har wata dabara na yi wadda yanzu idan na tuna sai in rufe fuska. Na ce bari in tayar masa da sha'awa. Na sayo shinkafa da kaza mai yaji, na baje a gabansa, na ci ina santi, ina tsotsar ƙashi, ina cewa kai Baffa, mutanen nan sun iya girki. Bawan Allah ya juya fuskarsa bango, ya ja mayafi har kunne.

Daga nan na ɗora laifin a kan ƙarni. Na shinshina kwalbar, can ƙarƙashin zaƙin akwai ɗan ƙarnin kifi. Baffa kuwa duk da kusancinsa da Binuwai bai taɓa sa kifi a bakinsa ba, ya ce wannan abincin mutanen ruwa ne. Na kai kukana wurin ɗan ƙasarmu mai zaƙin baki. Kafin yamma ya zo da wata roba cike da ƙwayoyi masu ruwan zinariya, ya ce man kifin ke nan tsantsarsa, ba ƙarni, kuma shi wannan har dajin yake cinyewa, likitoci ne ba sa son a sani. Na saya. Wanda tsoro ya kama ba ya ciniki. Allah ya taimake ni na fara kai wa mai tabarau kafin in ba shi. Ta karanta jikin robar, ta ture ta gefe. Ta ce wannan ba zai maye gurbin abinci ba, kuma mutumin da ake shirin yi wa aiki ba a sa masa komai a baki sai likitansa ya sani. Wanda ya ce min yana kashe daji kuwa ƙarya ya yi min. Na kira mutumin, waya a kashe. Ban sake sa shi a ido ba.

Da muka koma awo, allurar sikelin ta yi ƙasa. Na ga likitan ya kalli mai tabarau, ita kuma ta kalle ni. Suka kawo maganar roba ta hanci, ni na fassara. Baffa ya saurara har na kai aya, sannan ya ce,

"Takarkari ake sa wa igiya a hanci. Ka kai ni gida, Malam."

Bai ɗaga murya ba, kuma na san ba zai sake maganar ba. Na roƙi likitan ya ƙara mana 'yan kwanaki. Ya yarda da ƙyar.

Kwanakin nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina kallon mutum yana ƙarewa a gabana, ga abin da zai taimake shi a jere a kan tebur. Zoben azurfar da ke hannunsa ya fara zamewa, sai ya mayar da shi babban yatsa. Idan ya tashi alwala sai ya tsaya jiri ya sake shi. Dija ta kira ta tambaya ko yana sha, in ce muna nan muna fama, in yi maza in kawo zancen yara. Na fara tunanin abubuwan da ban taɓa tunani ba. Ina maƙabartar Musulmi take a garin nan? Wa zai taya ni wanka da sallah? Da wane baki zan sauka a Yola ni kaɗai, da jakarsa da sandarsa? Na yi kewar gida. Na yi kewar hayaniyar Dubeli, da mai shayin da ke bakin layinmu, har da maƙwabcina mai janareto da kullum muke faɗa.

Wata rana gab da magariba na sauko sayen burodi. Ina tsaye gaban mai shago sai na ji ƙara a bayana, dum, wata ta biyo, wata ta biyo. Ban san lokacin da na kwanta a ƙasa ba, hannuwana a ka, ina salati da ƙarfi. Tun lokacin da bom ya tashi a kasuwar Jimeta ina rumfata, jikina ya koyi wannan kwanciyar, ba ya shawara da ni. Ina jin mutane na dariya. Sai wata murya ta ce a kaina, da Hausa,

"Tashi, ɗana, ba bom ba ne. Biki suke yi. Ni ma jiya na kwanta."

Na ɗago. Wata dattijuwa ce da ɗaurin ɗankwali irin na matan coci, riƙe da leda. Madam Rifkatu sunanta, tsohuwar malamar firamare, asalinsu mutanen wajen Numan ne amma a unguwar Alkalawa ta Jimeta take zaune. Mijinta ta kawo, an riga an yi masa aiki a hanji, yana kwance a asibitin da muke zuwa. Ta kakkaɓe min ƙura a kafaɗa kamar ta haife ni. Muka zauna a bencin mai shagon, yara na ta harba abin wasan wutarsu, kowace ƙara sai mu zabura tare. Ban san ta ba, amma jin Hausar Jimeta a bakinta ya kwance ni. Na zazzage mata komai, har da kaza.

Ta tambaye ni ko babana ne. Na ce surukina ne. Ta tambaya ko Bafulatani ne. Na ce na Mbamoi ma kuwa. Ta ajiye ledarta ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan Jimeta ne kuwa? Na koyar a Yola har na tsufa, ko yaro ƙarami ba ya cin ƙosai a gabana. Kai ka ja kujera ka zauna kana kallon bakin surukinka? Matanka bai gaya maka ba? Zai mutu da yunwa yana maka sannu."

Na ce ai likita ce ta ce in gani da idona.

"Likita ya faɗi nasa. Bai san suruki ba ne ku. Kai ne ka sani."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na sani ɗin. Tsoro ne ya toshe min kai har na zama ni ne abin da ke tsakanin mutumin da abincinsa. Shi kuma ba zai taɓa buɗe baki ya ce min fita zan ci ba, don faɗin hakan ma abin kunya ne a wurinsa.

Ita ce kuma ta nuna min wani lungu inda ake sayar da kindirmo a 'yan ƙananan tukwanen ƙasa. Ashe mutanen nan ma sun san kindirmo. Na tambayi mai tabarau, ta ce ba laifi, ya haɗa da shi, kuma in riƙa sanyaya kwalbar, ƙarnin zai ragu.

Washegari da safe na ɗauke kujerar na mayar da ita jikin taga. Na ajiye kwalba da tukunyar kindirmo a gefen gado, na ce, Baffa, zan ɗan zaga. Ya ce a dawo lafiya. Na fita na ja ƙofa, na sauka na zauna a matakala ina kallon takalmana. Na daɗe. Da na dawo sai da na yi tari, na yi sallama, na jira. Yana zaune yana jan carbi. Kwalbar na bayan labule, ba komai a ciki, an ɗauraye ta tas an kife. Tukunyar ma haka.

Da farko na yi murna, amma kafin azahar wani sabon tsoron ya maye gurbin tsohon. Sha yake yi ko zubarwa? Mutumin da ya ce a kai shi gida, me zai hana ya tuttular a makwarara don ya huta da nacina? Kwalbar da aka ɗauraye ba ta ba da shaida. Tambaya kuwa ba ta taso ba, daidai take da in ce masa maƙaryaci. Na zama ɗan sandan ciki. Idan ya shiga sallah sai in lallaɓa banɗaki in sunkuya ina shinshina wurin wanke hannu. Na leƙa ta taga ko zan ga fari-fari a jikin bango. Sau ɗaya na kara kunnena a ƙofa ko zan ji haɗiya, ban ji komai ba sai hon ɗin motoci, kuma wani ɗan Indiya da ke saukowa ya kalle ni irin kallon da ake yi wa ɓarawo. Haka na ci gaba da ajiyewa ina fita, ban san ko ceton mutum nake yi ko ba shi wurin mutuwa a ɓoye ba.

Cikin kwanakin nan mijin Madam Rifkatu ya rasu. Zazzaɓi ne ya shige shi bayan aikin, aka yi ta fama, abin bai yiwu ba. Ni na raka ta ofis-ofis, don ita ta ce ba za ta bar shi a nan ba, sai ta kai shi gida. Na ga akwatin da aka rufe shi a ciki, na ga yadda aka manna masa takarda kamar kayan kasuwa. Duk inda muka shiga ina kallon abin da ke jirana ne. Ranar da za ta tafi, idonta a kumbure, ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, "Ka ci gaba da fita, ka ji?" Ban gaya wa Baffa rasuwar ba, amma ya ga fuskata, ya kuma daina tambayar jikin mijin malama.

Ranar awo na kasa kallon sikelin, sai na kalli fuskar mai tabarau. Ta duba, ta sake dubawa, ta rubuta. Bai ƙaru ba, amma bai ragu ba. A awo na gaba allurar ta ɗan motsa sama, ɗan kaɗan, abin da a kasuwa ko gyara ba za a kira shi ba. Aka ɗebi jininsa, likitan ya ce abin da suke nema ya fara dawowa. Ya ba shi hannu ya ce ya matse, Baffa ya matse har likitan ya yi dariya. Ashe yana sha. Duk shinshine-shinshinen nan da na yi, mutumin yana zaune shi kaɗai yana haɗiye ƙarnin kifin da bai taɓa yarda da shi ba. Aka sa ranar aiki, aka ba mu gado.

Ana gobe za a shiga da shi, bayan la'asar, aka kawo kwalba ta ƙarshe, don daga ita za a hana shi abinci mai nauyi. Na ajiye masa kamar kullum, na ce zan ɗan zaga. Na juya ke nan na ji ya ce,

"Jooɗa."

Zauna, da Fulatanci. Na tsaya na zaci ban ji daidai ba. Ya nuna min bakin gadon, ba ma kujera ba. Na zauna a ɗofane. Ya buɗe kwalbar da kansa, ya yi bismilla, ya kafa kai. Ya sha a hankali, yana hutawa, ina ganin maƙogwaronsa na hawa yana sauka, bai kau da fuska ba. Abin da na yi makonni ina roƙon Allah in gani ke nan. Da na gan shi sai jikina ya yi sanyi tun daga tafin ƙafa. Na gane ya ajiye kunyar ne don yana ganin ba zai sake bukatarta ba.

Ya goge bakinsa da bayan hannu ya ce,

"Habibu, idan ban tashi ba, kada ka wahalar da kanka da akwati. Ƙasa duk ta Allah ce. Ka binne ni nan, ka ga wurin da idonka, ka je ka gaya musu ka gani. Wanda ya kamata ya zauna a nan ba ya nan. Kai ne ka zauna."

Na karɓi kwalbar daga hannunsa na riƙe, ban san inda zan ajiye ta ba.

Aikin ya daɗe. Na zauna a dogon benci tsakanin mutanen da ba na jin yarensu, wata tsohuwa ta ɓare lemo ta miƙo min rabi. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin aikin sai in miƙe tsaye. Da likitan ya fito ya ce sun cire abin da suka gani, yanzu saura jikin ya yi nasa, sai na koma kan bencin na yi hamdala.

Na same shi da robobi ta ko'ina, har da ta hancin da ya ƙi, an sa masa yana cikin barci. A samansa an rataye wata leda fara fat kamar madara, tana ɗiga ta jijiya. Mai tabarau ta ce min abincinsa ke nan kafin cikin ya farfaɗo, kuma da man kifin nan a ciki. Da ya buɗe ido ya ga farar ledar, sai ya motsa baki. Na kai kunne, wai tambaya yake ko nono ne. Na ce kusan haka.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni, duk da kowa na ce min barka. Baffa ya sake min jikinsa gaba ɗaya. Ni nake ɗaga shi, ni nake goge shi, ni nake riƙe masa tasa. Da aka ce ya fara kurɓar ruwa, daga baya kindirmo da abin kwalbar, ni nake ba shi da cokali, ya buɗe baki kamar ɗan yaye. Ba ya kau da kai, ba ya cewa anjima. Habibu, ɗaga ni. Habibu, ruwa. Duk kiran sunan nan sai gabana ya faɗi. Zazzaɓi ya taso masa sau ɗaya, jikinsa ya yi zafi rau, na tuna mijin Madam Rifkatu, na fita baranda na rasa addu'ar da zan karanta. Suka sauya masa allurai, zazzaɓin ya sauka. Kullum da safe idan an buɗe ɗinkin ina leƙawa, ina jiran in ga ya buɗe. Bai buɗe ba. Bakin ciwon ya bushe, ya fara haɗewa.

Wata safiya na zo da tukunyar kindirmo da kwalba, na gyara masa filo, na ɗebo cokali na kai bakinsa. Sai ya rufe baki. Na zaci amai ne ke taso masa. Ya kalli taga, ya gyara wuyan rigar asibitin, ya ce,

"Malam, ba za ka ɗan zaga ba?"

Na ajiye cokalin na fita. A baranda na durƙusa, ga dariya ga hawaye, wata nas ta tsaya tana tambayata ko wani abu ya faru. Na kira Dija. Tun da muka zo, ranar ce na fara ce mata ina jin za mu dawo.

Mun dawo. Zafin Yola ya tarbe mu tun daga matakalar jirgi, ban taɓa jin daɗin zufa kamar ranar ba. A Mbamoi Inna ba ta fito ba, tana daga cikin ɗaki, amma na ji kukanta. Baffa ko zama bai yi ba ya wuce garke.

Yana nan da ransa har yau. Bai mayar da jikinsa ba, cin nasa kaɗan-kaɗan ne, sau da yawa a rana. Lokaci-lokaci ina kai shi asibiti a nan Yola a duba shi, kuma duk likitan da muka gani yana gaya mana abu ɗaya, ba wanda zai rantse cutar ba za ta dawo ba. Zancen Indiya bai taɓa haɗa mu ba. Dija ta yi tambaya har ta gaji, abin da nake ba ta labari shi ne shanun kan titi da kwanciyar da na yi gaban mai burodi.

Duk Juma'a bayan an sauko nakan rufe rumfa in tafi gaishe shi. Mu gaisa, ya tambayi kasuwa, in tambayi shanu. Can sai a shigo da ɗan kwanonsa a ajiye, ya riƙa kallon ƙasa. In ce zan ɗan zaga. Amma duk lokacin da na yunƙura zan tashi, kunnena na wurinsa, gabana na faɗuwa, kuma ba na sakin numfashi sai na kai bakin ƙofa bai ce in zauna ba.